Amsa kan makabartar Turawan mishan da ke Miango

Ɗan'uwa, ka tambaya ko su wa ke kwance a makabartar da ke kusa da ƙaramin cocin nan na Miango a Jihar Filato, da yadda aka yi suka zo wurin. Yawancinsu ma'aikatan mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne da iyalansu. Wannan mishan ya soma ne a 1893, da zuwan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham ƙasar da yanzu ake kira Najeriya. Biyun farko sun rasu a 1894, amma ba a Miango aka binne su ba, kada wani ya ruɗe ka. Sanyin garin Miango ne ya ja Turawan suka mai da shi wurin hutu, a ƙasar Irigwe, Ƙaramar Hukumar Bassa. Daga aikin wannan mishan ne cocin ECWA ta fito a 1954.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai kaburburan yara ne. Ka sunkuya ka share ƙurar dutsen da hannu, sai ka ga kwanan haihuwa da na rasuwa dab da juna.

In za ka je daga Jos, fara gaida masu kula da wurin tukuna, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.