Amsar tambayarki a kan Sardauna da yaron ajinki

Uwata, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya same ni bayan sallar isha'i, na karanta shi sau biyu, na kwana da shi a raina kafin in zauna in ba ki amsa.

Kin ce an ba ki darasin tarihi a aji shida. Ranar da kike ba su labarin Sardauna, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce a gidansu an gaya masa an taɓa ɗaure kakan babansa a wancan zamani saboda yana NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Kika rasa ta cewa, kika ce ya zauna. Yanzu kina tambaya ko al'adarmu ta yarda malama ta tsaya gaban yara tana kiran sunan manyan da suka riga mu gidan gaskiya, har ta taɓo inda aka yi kuka da su.

Dubi yadda na kira ki a farkon takardar nan. Tun ranar da aka raɗa maki suna ban taɓa furta shi ba, domin sunan mahaifiyata kika ci. To kin ga ba ni ne zan ce maki kunya ba komai ba ce. Ba a banza ake ce wa garin nan namu Katsina ta Dikko ɗakin kara ba. Idan za ki ambace su, ki ce Sardauna, Allah Ya jiƙansa, ki ce Malam Aminu, Allah Ya gafarta masa. Cikakken sunan ki rubuta a allo, don shi za su tarar a jarrabawa. Addini ya hana zagin mamaci, kada ki bari wani yaro ya yi shi a ajinki.

Amma kunyar da muka gada ta lafazi ce, ban taɓa jin ta ce a binne abin da ya faru ba. A garin nan maroƙa na yi wa sarki kirari a ƙofar fada, dattawa kuma na zaune a zaure suna ba mu labarin yadda Korau ya kayar da Sanau ya karɓi sarauta, da yadda Ummarun Dallaje ya ci Katsina zamanin jihadi har sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, da yadda Turawa suka ɗauke sarauta daga gidan Dallazawa suka ba Muhammadu Dikko a 1906. Babu wanda ya ce dattawan nan sun yi rashin ɗa'a. Malaman hadisi ma, da suka fi mu tsoron Allah, sun bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya suna cewa wane amintacce ne, wane yana da mantuwa, ba a kira shi giba ba. Kirari aikin maroƙi ne, ke kuma malama aka ɗauke ki.

Akwai abin gidanmu da ba na jin babanki ya gaya maki, don yana goye lokacin. Kakanki tela ne, ɗan NEPU na gani-kashe-ni. Wansa, Baba Alhaji, ɗan NPC ne, jam'iyyar su Sardauna. Alamar NEPU tauraro, ta NPC fartanya. Gab da zaɓen 1959, ina ɗan shekara tara, ni ke kai masu tuwon dare a zaure. Baba Alhaji zai shigo ya ce “Salama”, kakanki yana kan keken ɗinki, ko kai bai ɗaga ba, zai ce “Sawaba”. Sai su wanke hannu su sa a akushi ɗaya. Kafin a kai rabin malmala gardama ta kaure. Baba Alhaji yana cewa in ba a bi a hankali an haɗa kan Arewa a bayan sarakuna ba, waɗanda suka riga mu boko za su kwashe ayyukan gwamnati kaf, mu zama 'yan kallo a ƙasarmu. Kakanki yana nuna shi da loma a hannu yana cewa wane irin 'yanci ne Bature zai tafi a bar talaka da haraji da jangali da aikin tilas. Wata rana aka kama kakanki bayan wani taro, ya yi sati shida a tsare. Baba Alhaji ne ya riƙa auna mana gero har ya fito, shi ne kuma ya je ya taho da shi. Daren da ya dawo suka ɗora gardamar daga inda suka tsaya.

Dukansu biyu suna da gaskiya a hannu, kuma na rayu na ga hakan da idona. Jami'ar da aka buɗe a Zariya a 1962, wadda ta yaye ni, ta yaye ki, aikin su Sardauna ce. Harajin da kakanki yake kuka da shi kuma, almajiran Malam Aminu ne suka soke shi a 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, Balarabe Musa yana gwamna. Ke da kike jefa ƙuri'a yau, ki gaya wa 'yan matan ajinki cewa an samu mulkin kai a 1960 matan Arewa ba su da wannan dama, sai a 1976 aka ba su, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan irin wannan fafutuka. Ko a cikin gida ɗaya ba a rufe baki ba: Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin mulkin en'e, sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba. Idan kika cire gardamar nan daga darasinki, me ya rage? Hotuna da ranakun haihuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsararki sun tashi ba su samu ko hotunan ba. Fiye da shekara goma darasin tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta dawo da shi. An canza taken ƙasa a 1978, an komo da tsohon a 2024, yara na rerawa a layi da safe ba su san dalili ba. A ƙarƙashin tambarin ƙasa an rubuta haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Yaro zai haddace wannan cikin minti biyar. Ba zai san tsadarsa ba sai ya ji cewa a 1953 an yi saɓani a majalisar Legas a kan yaushe za a karɓi mulki, Kudu na cewa 1956, Sardauna na cewa sai lokacin da ya dace, har aka zubar da jini a Kano, amma mutanen nan suka koma teburi suka yi ta zama har ranar 1 ga Oktoba 1960. Ki gaya masu yadda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, da abin da ya biyo baya, daidai hankalinsu.

Kayan aiki kuwa suna jakarki. Ki fito da naira biyar, ɗari, ɗari biyu da ɗari biyar ki jera a tebur: Tafawa Ɓalewa, Awolowo, Sardauna, Azikiwe. Ki ba su su juya su a hannu. Kada ki tsaya kan namu kaɗai, domin ɗan Katsinan da zai je bautar ƙasa Inugu ko Ibadan ya kamata ya san su ma suna da nasu dattawan da suke ji da su. Sannan ki nemi izinin hedimasta ki kai su tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yanzu gidan tarihi ce. Su taɓa ginin ƙasar nan da hannunsu, ki ce masu Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita a nan suka zauna suna samari, daga baya aka mayar da makarantar Kaduna, aka kai ta Zariya ta zama Barewa. Na kai ɗalibaina can sau da yawa ina koyarwa, kuma kowane zuwa sai wani ya tambaye ni ko da gaske a ɗakin nan Firimiya Sardauna ya yi karatu.

Shi kuma yaron nan, ranar Litinin ki kira shi gaban aji, ki ce masa abin da aka gaya masa a gida ya faru da mutane da yawa, har da kakanki. Ki sa shi ya je ya tambayo sunan tsohon da garin da aka tsare shi, ya rubuto ya karanta wa 'yan'uwansa. Wanda gidansu 'yan NPC ne shi ma ya kawo nasa.

Katin jam'iyyar kakanki yana nan cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakina, tare da hoton Baba Alhaji. Ki aiko Sani ya karɓar maki ranar Asabar, amma a dawo mani da su. Ki gaida maigidan.

Baffanki.