Ina Son Karatun Gandun Daji da Kare Muhalli, Amma Babana Ba Mai Ƙarfi Ba Ne: Wace Makaranta Zan Nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Rigasa. Bana na gama sakandare, na samu kiredit a Turanci, Lissafi, Kimistiri, Bayoloji da Aikin Gona. Tun ina ƙarami nake sha'awar harkar itatuwa da namun daji, kuma ina so in yi digiri a fannin kula da albarkatun ƙasa. Babana ya yi ritaya, mu bakwai ne a gabansa. Wani abokina ya ce irin wannan karatu sai jami'a mai zaman kanta ko ƙasar waje. Don Allah wace makaranta ce mai sauƙin kuɗi, wadda kuma takardarta take da daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Abokinka bai yi daidai ba, amma na san inda ruɗanin ya samo asali. Idan ka buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB kana laluben "albarkatun ƙasa" da wannan suna, da wuya ka yi karo da shi, sai ka ɗauka babu. Alhali yana nan, an dai rarraba shi ne. A yawancin jami'o'inmu sunansa Forestry and Wildlife Management, wato gandun daji da namun daji. Akwai kuma kiwon kifi, da kula da muhalli, da kimiyyar ƙasar noma, da albarkatun ruwa. Abin da ka kwatanta min, na farkon ne. Kuma ka yi sa'ar gari, domin kaɗan ne jihohin Arewa da suka tara makarantun wannan fanni kamar Kaduna.

Kafin in ambaci sunan kowace makaranta, bari in gyara maka ma'auni. Ɗalibai suna zuwa min da adadin kuɗin rajista a bakinsu, wannan dubu kaza, waccan dubu kaza, sai su zaɓi mafi ƙanƙanta. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biyansa a shekara. Ciki kuwa kullum sai an ba shi haƙƙinsa. Abin da ke karya iyaye shi ne hayar ɗaki, abinci, kuɗin mota, da 'yan kuɗin tafiye-tafiyen gani da ido, waɗanda a fanninmu ba su da iyaka. Sannan digirin gandun daji shekara 5 ne, ba 4 ba, saboda shekara ta huɗu kusan dukkanta ta aikin fili ce. Ga yajin aiki: a 2022 malaman jami'o'i sun rufe aji daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, kuma masu gidajen haya ba su yafe wa kowa ko sisi ba. To ku zauna da Baba da takarda da biro, ku lissafa abin da za a kashe daga ranar shiga zuwa ranar fita. Wannan jimlar ita ce kuɗin makaranta na gaskiya.

Da wannan ma'auni, mafi araha a gare ka tana bayan gidanku. Kwalejin Tarayya ta Gandun Daji da ke Afaka, kusa da Mando, a ƙaramar hukumar Igabi take, wato ƙaramar hukumarku. Tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya, FRIN, mai hedikwata a Ibadan. Ba digiri take bayarwa ba, ƙaramar difloma ce da babbar difloma: shekara 2, sai shekara 1 ta koyon aiki, sai wasu 2. Mai babbar difloma yana zuwa bautar ƙasa kamar kowa, muddin karatun cikakken lokaci ya yi. Amfaninta gare ka a fili yake. Za ka kwana a gida, ka ci tuwon gida, kuɗin mota kawai za a riƙa ba ka. Kuma hannunka zai taɓa ƙasa da wuri: cika leda da taki, shuka iri, yi wa mangwaro aure, auna kaurin itace da tsawonsa, sarrafa injinan aiki. Na sha ganin mai difloma ya zo jami'a ya zama shi ke nuna wa 'yan ajinsu yadda ake riƙe kayan awo.

Ba zan ɓoye maka abin da duk ɗan Kaduna ya sani ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun shiga wannan kwaleji da dare suka kwashe ɗalibai 39, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Mayu. Baba zai tuna da wannan, kuma yana da gaskiya idan ya yi jim. Ku je tare da rana, ku ga wurin, ku yi magana da ɗaliban da ke ciki yanzu. Gani ya kori ji. Kasancewarka ɗan jeka-ka-dawo ma wani sauƙi ne ta wannan fuska.

Sauran 'yan uwanta a ƙarƙashin FRIN sun haɗa da kwalejin gandun daji ta Jos da ta Ibadan, sai ta namun daji da ke New Bussa a Jihar Neja, dab da gandun Kainji. Idan dabbobin ne suka fi jan hankalinka fiye da itatuwa, ta New Bussa ce gidan abin, sai dai can akwai kuɗin zama.

Amma digiri ka ce kana so, kuma ina goyon bayanka, domin har gobe a aikin gwamnati ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma, ko da ba a faɗa da baki ba. Hanya biyu ce. Ko ka yi ƙaramar difloma a Afaka da sakamako mai kyau, ka nemi shiga jami'a kai tsaye ta JAMB a aji biyu, ka gama a shekara 6 jimilla. Ko ka nufi jami'a tun farko ka gama a 5. Hanyar farko ta fi tsawo da shekara ɗaya, amma shekara biyu daga ciki a gida ka yi su, kuma ko da abubuwa sun cije a tsakiya, Allah ya kiyaye, kana da takarda da sana'a a hannu. Ga gidan da ke da yara bakwai da fansho ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan jami'a kai tsaye ce, ni Ahmadu Bello ta Zariya zan sa maka a zaɓin farko. Ba don tsufanta ba, ko da yake tun 1962 take. Dalilina abin da ke kewaye da ita ne. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, akwai tashar binciken itatuwan savana ta FRIN, a Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi, NAPRI. Ɗalibin da ba ya ƙyuya zai samu inda zai liƙe ya koyi aiki a lokacin hutu. Zariya kuwa tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ana iya aiko maka da garin tuwo da ƙuli-ƙuli a motar safe. Na biyu kuma ka duba Bayero ta Kano, wadda ke da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa, ko jami'o'in tarayya na Dutsin-Ma da Dutse, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Duk suna koyar da gandun daji, kuma wannan kwas ba a yi masa rububi irin na likitanci da lauya, don haka makin shigarsa yana da sauƙin kamawa. Ka dai lura da darussan da kowace ke buƙata: ban ga Fiziks a jerin da ka kawo ba, wasu kuwa suna neman aƙalla a ci shi. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka cike fom.

Jami'ar Jihar Kaduna tana da sashen kula da muhalli a harabarta ta Kafanchan. An ƙara kuɗinta sosai a 2021, sannan Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin ɗari a 2023. Wannan kwas ya fi karkata ga gurɓatar ruwa da iska, shara, da nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli. Yana da kasuwa, amma ba shi ne ainihin abin da ka ce kana so ba.

Yanzu maganar daraja. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba kullum take yi ba. Abu na farko, ka tabbatar an tantance kwas ɗin kansa, ba makarantar kaɗai ba. Mai tantance na jami'a ita ce hukumar kula da jami'o'i, NUC, na difloma kuma hukumar ilimin fasaha, NBTE, wadda hedikwatarta ma a nan cikin Kaduna take. Kada kuma ka yarda da gurbin da bai fito a shafinka na JAMB ba. Na taɓa zama da wani yaro da ya kwashe shekaru a wata makaranta mai kyan gini, mahaifinsa har gona ya sayar, sai da aka zo tafiya bautar ƙasa aka gane kwas ɗin ba shi da amincewa. Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan sai raina ya ɓaci.

Abu na biyu ba ya cikin kowace takarda. Ka je sashen da ƙafarka ka ce a nuna maka wurin rainon itatuwansu. Idan ka tarar da ledoji jere, maɗaci da ɗorawa da zogale da turare suna tasowa, ƙasa da danshi, to ana aiki. Idan ka tarar da busassun ledoji da famfon da ya kafe, allo kawai za ka sha. Ka tare ɗan aji huɗu ka tambaye shi inda aka kai su aikin fili, ko sun taka gandun Nimbia da ke kudancin jihar nan, ko Yankari, ko dausayin Haɗeja da Nguru. Ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe GPS, na'urar da ke nuna ainihin inda mutum yake a doron ƙasa, ko ya zana taswirar daji a kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam. Wannan na ƙarshen shi ne yake raba masu samun aiki da masu yawo da fayil a yau, kuma manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, kana iya fara koyonta tun kafin ka samu gurbi.

Ta fuskar tallafi, akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai, yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ya kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, na san Baba zai fara tambayar wannan, kuma biya yana somawa ne shekara 2 bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ka ɗauki iya buƙata. Jihar Kaduna ma tana da hukumar tallafin karatu da lamuni, ka tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarku tun yanzu.

Ƙasar waje kuwa ka ajiye ta sai digiri na biyu. A lokacin ne ƙofofin kyauta suke buɗewa, irin tallafin DAAD na Jamus, wanda ke ɗaukar masu karatun dazuzzukan ƙasashe masu zafi a jami'ar birnin Dresden, amma sai mutum ya yi aikin shekara 2 a fannin. Kusa da mu ma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis, APLORI, da ke aiki da Jami'ar Jos, tana horar da masu digiri na biyu a kimiyyar kare halittu, kuma ɗalibanta suna samun tallafi.

Za a tambaye ka a gida, ko ba yau ba, wane aiki ake yi da wannan karatu. Ka ce akwai Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda gandun Kamuku na Birnin Gwari ke ƙarƙashinta, ko da yake rashin tsaro ya takura aikin can. Akwai hukumar shingen itatuwa mai yaƙi da kwararowar hamada a jihohi 11, akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ACReSAL, mai tallafin Bankin Duniya, a jihohin Arewa 19 da Abuja, akwai ma'aikatun muhalli da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Gurabun ba su da yawa, kada in yi maka daɗin baki. Amma duk waɗannan wurare sayen irin dashe suke yi idan damina ta kama, dubbai a lokaci guda, kuma wani ne yake rainonsa. Idan akwai ɗan fili a bayan gidanku da ruwa kusa, ka fara da leda 200 a wannan rani, rabi mangwaro rabi zogale, ka ga nawa za su rayu zuwa watan Yuni.