Dokin da aka sallama daga sukuwa

Ka tambaye ni, yarona, a kan dokin nan da aka yi maka tayi. Ka ce shekararsa biyar, an sallame shi daga sukuwa, kuɗinsa bai kai na horarren dokin hawa ba ko kusa, amma abokanka sun ce kada ka kuskura, wai dokin sukuwa mahaukaci ne, ba ya jin linzami. Kana so ka san ko a saya, in kuma an saya ta ina za a ɓullo masa.

To, abokanka sun yi masa ƙazafi. Yana jin linzami sarai, sai dai abin da aka koya masa a kan linzami daban yake da abin da kai kake nufi da shi. Dokin nan ba ɗanye ba ne. Ma'aikaci ne da ya ƙware a sana'a ɗaya tun yana ɗan shekara biyu, kai kuma kana so ka sauya masa wata. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai ji daɗin aikin, wanda kuwa ya ɗauke shi mai taurin kai zai sha ƙasa.

Ka fara sanin abin da za ka saya. Jinsin da aka fi yin sukuwa da shi a duniya shi ne Thoroughbred, kuma ta wajen uba dukkansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Tun 1791 ake rubuta asalinsu a littafi. Shekara ɗari uku ke nan ana tace jini don gudu kawai, shi ya sa za ka same shi da babbar zuciya, da siraran ƙafafu, da fata marar kauri, da saurin lura da komai. Doki yana kaiwa shekara ashirin da biyar har talatin, yawancinsu kuwa suna barin fili kafin su kai bakwai. Ka ga ke nan naka ko kwatan rayuwarsa bai ci ba.

Tambayar farko da za ka yi wa mai shi ita ce me ya fitar da shi daga fili. Amsar da na fi so in ji ita ce ba ya gudu. Dokin da ya yi nawa a sukuwa ya fi ƙarfin duk gudun da mahayi zai nema a wajensa, kuma sau da yawa irinsu ne masu sanyin hali. Amma kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa. A ƙasashen da sukuwa ke da tsari kowane doki yana da takarda, yana da ɗan ƙwayar lamba da aka dasa masa a wuya ta hagu, tsofaffin dawakin Amurka kuma za ka ga an yi musu zanen lamba a cikin leɓen sama. Da wannan ake gano sunansa na rajista, a ga duk tseren da ya shiga. Ba sau nawa ya ci za ka duba ba, giɓi za ka nema. Dokin da ya yi tsere talatin a jere ya fito da ƙafafunsa lafiya, wannan ƙarfe ne, na fi son sa a kan wanda ya fita sau biyu ya ɓace shekara guda ya dawo sau ɗaya. Shekarar nan da ya ɓace tana da labari, sai ka tono shi.

Sai ƙafa. A nan nake so ka ɓata lokaci, domin a nan ake asarar kuɗi. Ka je da sassafe kafin a fito da shi, tun jikinsa bai ɗumama ba. Ka durƙusa gefen ƙafar gaba, ka sa yatsa biyu bayan ƙwauri daga ƙarƙashin gwiwa, ka bi jijiyar a hankali har ƙasa. Lafiyayyar jijiya a miƙe take, da tauri, da sanyi, kana jin iyakarta. In ka ji ta yi ciki ta baya, ko wani wuri ya fi wani kauri, ko akwai ɗumi, ko ya janye ƙafa da ka matsa, to ta taɓa yagewa. Ka taɓa ɗaya ƙafar ka gwada, hannunka zai gaya maka bambancin. Jijiyar nan takan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin ta warke, kuma naman da ke cike gurbin ba ya talewa kamar na asali, shi ya sa take yawan sake ɓaci. Tsohon rauni da ya huce ya yi sanyi ba ya hana kilisa, amma kada ka sa rai da tsallen shinge mai tsawo. Daga nan ka duba gwiwa da gaɓar da ke saman kofato, inda ɓarɓashin ƙashi kan ɓalle. Ka ɗaga kofaton: da yawansu tafin siriri ne, dunduniya a kwance, gaba ya yi tsawo, gyaran wannan kuma sai sabon kofato ya tsiro, abin da ke cin kusan shekara.

A sa ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, sannan ya zaga hagu ya zaga dama. Ɗingishin da ya ɓuya a miƙe yakan fito a zagaye. A sa ya yi ɗan gudu ka kasa kunne: in yana fito ko gurnani duk sanda ya ja numfashi, ɓangaren maƙogwaronsa ne ya shanye, galibi na hagu. Ka danna gadon bayansa inda sirdi ke zama, in ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, a ɗauki hoton ƙashin bayan, don ƙasusuwan kan goga juna. Duk wannan naka ne na share fage. Kuɗin likitan dabbobi ba a rowarsa, kuma likitan ya zama naka, ba na mai sayarwa ba. Ka ce ya ɗebi jini, saboda maganin kashe zafi yana iya miƙar da gurgun doki na yini guda. Araha ba ta ado, kuma kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da dokin zai ci maka.

In ya zo gida, ka rataye sirdi tukuna. Wannan dabba ta saba da kwana da wuni a barga, ana ɗura mata hatsi, ana fito da ita awa ɗaya a mayar. Kada ka sake shi a babban fili ranar farko, zai zabura ya ji wa kansa ciwo. Ƙaramin shinge tukuna, daga baya ka haɗa shi da doki ɗaya mai haƙuri, don wataƙila rabonsa da yin kiwo da 'yan'uwansa tun yana ɗan shekara guda. Kada kuma ka ɗaure shi tamau a turke ka juya baya. Da yawansu riƙe su ake yi da hannu, in ya ji igiya ta ƙi sakinsa sai ya ja da baya da dukkan ƙarfinsa.

Abinci shi ne rabin haukan da ake faɗa. Cikin doki yana zubo ruwan tsami dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba, don an halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa. Mafi yawan dawakin da ke cikin horon sukuwa suna da gyambon ciki, an leƙa da na'ura an gani. Dokin da ke cizo in an ja majanyin sirdi, yana barin abinci, gashinsa ya dushe, ba mugunta ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Ka janye hatsin sannu a hankali cikin mako biyu, ka cika masa ciyawa. Doki mai kilo 500 yana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 8 zuwa 10 a yini. Ina kuma gargaɗinka, zai munana kafin ya yi kyau. Naman gudu zai zube, haƙarƙari ya bayyana, masu wucewa su ce kana horar da shi da yunwa. Ka toshe kunne. Wata ɗaya zuwa uku na hutu ya ishi mai lafiya, kana jan sa da ragama, kana koya masa tsayawa da matsawa da ja da baya daga ƙasa.

Ranar hawa, ka tuna yadda ake hawansa a da. Ɗan sukuwa galibi bai fi kilo 55 ba, ɗaga shi ake yi a jefa bisa doki yana cikin tafiya, sirdinsa kuma kamar tafin hannu. Saboda haka dokinka bai taɓa sanin ana tsayawa cik mutum ya zuba nauyinsa a likkafa ɗaya ba. Ka samo abin takawa, wani ya riƙe maka kai. Ka hau matakin ka sauka, ka shafa shi, ka kwanta a sirdin da cikinka, ka sauka. In ya matsa kada ka daka masa tsawa, ka zago da shi ka sake. Ranar da ya tsaya ka zauna a hankali, ka ba shi ɗan lokaci kafin ka ce ya tafi. Ƙafafunka ma baƙi ne a wajensa, domin na ɗan sukuwa a naɗe suke can sama. In ya ji ƙwauri biyu sun rungume shi zai ɗauka umarnin gudu ne. Ƙaimi kuwa ka manta da shi.

Yanzu ga maganar linzami. A fili, in mahayi ya tattara kamazuru ya riƙe gam, doki yana jingina bakinsa a kan ƙarfen ya ƙara wuta. In an gama tsere mahayi ya miƙe ya sassauta, sai doki ya rage. Ka ga abin a juye yake. Wanda bai sani ba, da doki ya ɗan zabura sai tsoro ya kama shi, ya duƙa gaba, ya ja da hannu biyu ya riƙe, ya zama ɗan sukuwa sak ba da saninsa ba. Doki ya yi abin da aka ce masa, a tashi a ce mahaukaci ne. Kai in ya ɗauka, ka zauna daram, kafaɗa a baya, ka ja kaɗan ka saki, ka ja ka saki, kana yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa, ka karkato shi ya shiga babban zagaye yana ƙanƙancewa. Doki ba ya iya jingina da abin da ba a riƙe ba. Sakin nan shi ne darasin, da ya rage ko taku ɗaya ka ba shi bakinsa. Masu saka masa linzami mai kaifi gajeriyar hanya suke nema, ƙarshenta a samu doki mai miƙewa da ƙafafun baya, wanda ya fi mai gudu haɗari.

Za ka tarar gefe ɗaya ya fi masa sauƙi. A Amurka kusan duk tsere hagu ake zagawa, dokin can in ka juya shi dama sai ka ji shi kamar katako. Tafiya da sassarfa, zagaye manya, hawa tudu, taka sanduna a ƙasa, su ne aikinka na watanni. Minti ashirin mai kyau ya fi awa guda ta faɗa. Sukuwa a fili buɗaɗɗe, balle cikin ayari, ita ce ta ƙarshe, don da ya ji kofatai a bayansa ko lasifika ta yi ƙara, tsohon aiki zai motsa.

Kada duk wannan ya sa ka raina abin da ya zo da shi. Ya saba shiga mota, ya saba da wanka da allura da mai gyaran kofato, ya ga taron jama'a, kuma ya san aiki kullum safiya. Ɗanyen doki sai ka shekara kana koya masa waɗannan. Akwai wata goɗiya, Touch of Class, da ta kasa taɓuka komai a sukuwa, amma a wasannin Olamfik na 1984 a Los Angeles ta ci zinare biyu a tsallen shinge, Joe Fargis na kanta. A Birtaniya tun shekarar 2000 akwai ƙungiyar Retraining of Racehorses da aka kafa don wannan aiki, a Kentucky kuma duk shekara ana gasar dawakin da aka sauya wa horo, a fanni goma, har da folo. Ba ina ce maka naka zai zama zakara ba, yawancinsu dokin kilisa mai daɗin hawa suke zama, shi ne kuma abin da kasuwa ta fi nema.

In niyyarka ka sayar ne, ka ƙiyasta shekara guda, kuma ka gaya wa mai saye tarihinsa duka. Ɗan koyo bai dace da shi ba sai ya jima da zama, in ka ba shi, cikin mako biyu zai warware maka aikin wata shida. Gobe in za ka je, ka karɓo lambar dokin tun yau mu duba tserensa da daddare, ka ce musu kada a fito da shi kafin ka iso, kuma ka nemi ganin wanda ke share masa barga, ka tambaye shi ko dokin yana cinye abincinsa.