Lokotoron asiransi ya ce ƙaninka ya warke?

Ɗan uwa, ka tambaya ko daidai ne lokotoron da asiransi ke biya ya duba ƙaninka da ya faɗo wajen gini nan Tawa. Biyan ba laifi ba ne, CNSS, hukumar gwamnati mai biyan ma'aikatan da suka ji ciwo wajen aiki, ita ma tana da nata lokotoron, amma kuɗin bai ba shi damar rage kason nakasa ba, don da kason nan ake lissafin abin da mutum zai riƙa amsa, kai wani ma ko kafaɗar bai taɓa ba ya karanta takarda ya sa hannu, wallahi wannan cin amana ne. Ku aje hoton radiyo da takardun asibiti duka, ku nemi wani lokotoro ya sake dubawa, in an ƙi ku kai ƙara wajen sufetan aiki.