Na'urar gano ƙarfe: wacce zan saya, kuma wace ƙara zan tona?

Tambayoyin wannan makon sun ɗan kauce daga waya da kwamfuta, amma duk harkar lantarki ce.

Tambaya: Malam, na sauke wata manhaja da aka ce tana mayar da waya na'urar gano ƙarfe. Idan na kai ta kusa da wuƙa tana ƙara, amma na gwada da zoben zinare ko motsi ba ta yi ba. Wayata ce ba ta da kyau?

Amsa: Lafiyar wayarka ƙalau, ɗan'uwa. Manhajar tana amfani ne da ɗan ma'aunin maganaɗisun da ke cikin waya, wanda aka saka domin kamfas. Baƙin ƙarfe yana karkatar da maganaɗisu, shi ya sa wuƙa ta motsa shi. Zinare da azurfa da tagulla ba ruwansu da maganaɗisu, ko ka ɗora su a kan wayar ba za ta ji su ba. Na'urar gaskiya tana da nannaɗen waya guda biyu a cikin faifan da ake shafa ƙasa da shi: ɗaya yana tura maganaɗisu mai kaɗawa cikin ƙasa, wannan ya tayar da 'yar wutar lantarki a jikin duk ƙarfen da ya tarar, ɗayan kuma ya saurari abin da ya dawo. Babu irin wannan faifan a waya, kuma manhaja ba za ta ƙirƙiro shi ba.

Tambaya: Ina so in fara wannan harka don nishaɗi. Na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Wacce ta dace da ɗan koyo?

Amsa: Ka fara tambayar kanka a wace irin ƙasa za ka yi yawo, domin ita ke zaɓen na'ura. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa irin da ake kira VLF ne, wato masu nannaɗen waya biyu da na bayyana a sama. Suna bambanta baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, ba su da nauyi, kuma ga mai neman tsabar kuɗi da zobba a busasshiyar ƙasa sun wadatar. Garrett Ace da Nokta Simplex duk a wannan sahun suke, kuma da su mutane da yawa suka koya. Rauninsu shi ne jiƙaƙƙen yashin bakin teku da jar ƙasa mai ma'adini da yawa. Nan sai su riƙa surutu babu gaira babu dalili. Irin wuraren nan na wata irin na'ura ne da ake kira PI, wadda ke harba wuta ta tsaya ta saurara. Tana shiga ƙasa da nisa, gishiri bai dame ta ba, sai dai ba ta iya tantancewa sosai, za ka tona ƙusa har ka gode Allah. Akwai kuma masu aiki da mita (wato saurin kaɗawar maganaɗisun, wanda ake aunawa da kilohaz) da yawa a lokaci guda, irin su Minelab Equinox da ta fito a 2018, da Nokta Legend da XP Deus II. Idan aljihu zai ɗauka, su ne suka fi dacewa da wanda bai tsaya wuri ɗaya ba.

Mai neman ƙananan ɓurɓushin zinare na ƙasa kuwa tasa daban ce, yana buƙatar mita mai sama: Gold Monster 1000 tana kan kilohaz 45, Fisher Gold Bug 2 tana kan 71, alhali Ace 250 tana kan 6.5 kacal.

Ni dai shawarata, kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kan na'urar. Ka rage na 'yar ƙaramar sandar hannu da ake cusawa cikin rami don gano daidai inda abin yake, da na abin sauraro na kunne, da shebur mai ƙwari. Kuma kada babban faifai ya ruɗe ka. Yana ƙara zurfi, amma a wuri mai tarkace yana haɗa abu uku ya karanta su a matsayin ɗaya.

Tambaya: Na saya, amma kusan kowane taku sai ta yi ƙara. Na tona sau talatin, duk marfin kwalba da gwangwani. Yaya zan san wadda ta cancanci tono?

Amsa: Barka da shigowa, haka kowa ya fara. Lambar da take nuna maka a allo ba sunan ƙarfe ba ne. Na'urar ba ta san zinare ba. Abin da take aunawa shi ne yadda wuta ke gudana a jikin abin, haɗe da girmansa da siffarsa. A mafi yawan na'urori masu ma'aunin 0 zuwa 99, baƙin ƙarfe yana ƙasa, azurfa da manyan tsabar tagulla suna sama. Zinare yana tsakiya, kuma a nan matsalar take, domin a tsakiyar ne takardar alminiyam da ɗan kunnen buɗe gwangwanin lemo suke zaune. Siririn zobe yakan karanta kamar takardar alminiyam, mai kauri kuma kamar kunnen gwangwani. Duk wanda ya danna maɓallin tacewa ya kashe kunnen gwangwani, to ya kashe zoben zinare tare da shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Masu samun zobba su ne masu komawa gida da jaka cike da shara.

Abin da zai rage maka wahala shi ne kunnenka. Idan ka ji ƙara, ka sake shafa wurin a hankali, faifan dab da ƙasa. Sannan ka juya ka tsaya ta gefe, ka shafa ta ɗaya kusurwar. Abu mai zagaye irin tsaba ko zobe yana ba da gajeriyar ƙara mai tsabta, iri ɗaya ta kowane ɓangare, lambar kuma ba ta tsalle fiye da biyu ko uku. Ƙusa mai tsatsa takan yi ƙarya: ta wannan gefe ta yi siririyar murya kamar azurfa, ka juya sai ta koma gurnani ko ta yi shiru. Marfin kwalba kuwa, ka ja faifan baya har bakinsa kawai ke wucewa ta kansa, sau da yawa za ka ji gurnanin baƙin ƙarfe ya fito.

Ga wata dabara da na koya da gumi. Wata rana na ji ƙara mai daɗi, lamba tana can sama ba ta motsi. Na tona taku ɗaya babu komai, na ƙara, hannuna ya shige har gwiwa, zuciya na dukan uku-uku. Da na kai, murƙusasshen gwangwani ne. Da na ɗaga faifan sama kamar taku ɗaya tun farko, da na gane: ƙarar tsaba takan ɓace, ta babban abu kuwa tana nan daram.

Amma fa wannan ka'idar tana da iyaka. Abu mai zurfi ƙararsa raunana ce, lambarsa kuma ba ta tsayawa, kuma tsofaffin kaya galibi su ne a ƙasa. A wurin da tarkace ba su da yawa, ni duk abin da ba baƙin ƙarfe ba ne tonawa nake. Taskar Hoxne ta Ingila, mai tsabar Rumawa kusan 15,000, a 1992 Eric Lawes ya gano ta yana neman gudumar da ta ɓace a gona.

Idan kuma ƙarar ba ta tsayawa ko'ina, duba jikinka da kewayenka tukuna: takalmi mai ƙarfe a baki, wayar da ke aljihu, layin wuta a sama. Ka rage ƙarfin jin na'urar, ka daidaita ta da ƙasar wurin. A 1881 Alexander Graham Bell ya nemi harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield da irin wannan na'ura bai same shi ba, kuma cikin abin da ya rikita ta har da ƙarafan gadon da yake kwance a kai.

Tambaya: An yi mini tallar wata mai eriya biyu, wai tana jiyo zinare daga nisan kilomita. Gaskiya ne?

Amsa: Riƙe kuɗinka. Na'ura mai kyau tana jin tsaba ne a zurfin santimita 20 zuwa 30, ba ta wuce haka da yawa. Masu eriyar nan hannun mai riƙe da su ne ke juya su. Wani ɗan Birtaniya, James McCormick, ya sayar da irinta mai suna ADE 651 a matsayin mai gano bam, kotu ta ɗaure shi shekara goma a 2013.

Kafin ka fita ma, ka nemi izinin mai fili, ka kuma binciki dokar ƙasar da kake, domin sun bambanta ƙwarai. A Ingila dokar 1996 ta wajabta kai rahoton taska cikin kwana 14, wasu ƙasashen kuma sai da lasisi. Wuraren tarihi da maƙabartu ba a taɓa su. Idan shebur ya ci karo da wani abu mai kama da harsashi ko gurneti, kada ka ɗaga shi, ka ja da baya ka kira hukuma.