Tambaya da Amsa: Me zan fara saya domin tsohuwar kwamfutata ta ɗauki wasanni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 9020 mai siririn akwati, wadda na saya ta hannu. Tana da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-4570, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 4, da had disk mai gigabait 500. Ina so in riƙa buga PES 2021 da GTA V, in da hali har da EA Sports FC, amma wasan yana tsinkewa, wani ma ba ya buɗewa. Na ware naira 180,000 daga kuɗin riɗin da na sayar bana. Wani abokina ya ce in sayi katin RX 580 mai gigabait 8, in kuma canza furosesa zuwa i7. A garinmu wutar lantarki ba ta zama, da sola da ƙaramin janareta muke dogaro. Me zan fara saya? Daga wani mai karatu a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a noma. Abin da ke hana kwamfutarka wasa shi ne rashin katin hoto mai zaman kansa, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a sikirin, domin yanzu ɗan ƙaramin sashen hoto da ke cikin furosesa ne ke ɗaukar nauyin, kuma an yi shi ne don aikin ofis. A nan abokinka ya yi gaskiya. Inda ban yarda da shi ba shi ne katin da ya zaɓa maka, kuma dalilina yana cikin akwatin kwamfutarka.

Siririyar OptiPlex 9020 tana zuwa da fawa fak, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai ƙarfin wat 255, kuma babu wayar da za a jona wa katin hoto a jikinsa. Shi kuwa RX 580, wanda AMD ya fitar a 2017, shi kaɗai yana jan kusan wat 185, yana buƙatar wayarsa ta daban mai baki takwas, sannan tsawonsa da faɗinsa sun fi ƙarfin akwatinka. Ɗora shi a kan wannan kwamfuta tamkar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Wani zai ce a canza fawa fak ɗin, to amma Dell ya yi wa wannan zubin mahaɗin wuta na musamman mai baki takwas maimakon mai baki 24 da aka saba, don haka sai an nemo wayar da ke haɗa su, sai an sayi sabon akwati ko a bar kayan a buɗe, kuma kafin a gama rabin kuɗinka ya tafi a kan abin da ba ya ƙara wa wasa komai. Ka kuma sani cewa da yawa daga cikin RX 580 na hannu sun yi shekaru suna aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana, wasu kuma masu alamar 2048SP ne, waɗanda ƙarfinsu na RX 570 ne duk da sunan da ke jikinsu.

Katin da ya dace da kai shi ne wanda wutar ramin da ake soka shi a ciki ta ishe shi, wato wat 75, kuma gajere, irin wanda 'yan kasuwa ke kira "low profile". Biyu ne na fi amincewa da su: GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowannensu mai gigabait 4. Na biyun ya fi ƙarfi sosai, kuma idan kuɗi ya kai shi zan saya, sai dai ka duba da kyau domin wasu samfuransa suna da wurin jona ƙarin waya, waɗannan ba naka ba ne. Kowanne daga cikinsu zai ɗauki PES 2021 da GTA V lafiya lau. Idan kuɗi ya gaza har ka sauko kan GT 1030, ka tabbata mai ma'ajiya irin GDDR5 ne, domin akwai mai DDR4 da ke ɗauke da suna ɗaya amma ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. GT 710 da GT 730 kuwa kada ka saurari mai tallarsu, ko da an rubuta gigabait 4 da manyan baƙaƙe a kwalin, domin yawan gigabait ba shi ne ƙarfin kati ba.

Akwai jabun GTX 1050 Ti a kasuwa, tsofaffin katuna ne irin su GTS 450 da aka sauya musu bayanin ciki har kwamfuta ta riƙa nuna sabon suna. Alamar farko da ido ke gani ita ce shuɗin bakin VGA, wato tsohon wurin jona wayar sikirin, domin Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GTX, ya daina saka wannan hanya a katunan wannan zubi, saboda haka 1050 Ti mai irin wannan baki abin zargi ne. Wannan kuma yana nufin idan sikirin ɗinka VGA kaɗai yake karɓa, sai ka haɗa da ɗan mahaɗin da ke juya HDMI zuwa VGA.

Bayan kati sai RAM. Kwamfutarka RAM irin DDR3 take ci, ramuka huɗu gare ta, kuma DDR4 ba zai ma shiga ba domin tsagar jikinsa ta bambanta. Ka sayi dogon na kwamfutar tebur, ba gajeren na laftof ba. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi kwanciyar hankali, kuma guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin furosesa yana karanta biyun a lokaci guda idan an sa su a ramuka masu launi ɗaya. DDR3 na hannu yana cikin mafi arahar abin da za ka saya.

SSD, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbin had disk, ba zai ƙara wa wasa santsi da yawa ba, amma zai rage jiran buɗewar kwamfuta da lodin wasa ƙwarai, tunda yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku ko huɗu na tsohon had disk. Akwai wani amfani da ya shafi irin garinku: babu faifai mai juyawa a cikinsa, don haka girgiza da jijjigar hanya ba sa yi masa lahanin da suke yi wa had disk. Ka nemi mai gigabait 512 in ya samu, domin GTA V shi kaɗai ya haura gigabait 70, ka bar tsohon had disk ɗin ya zama ma'ajiya.

Batun i7 kuwa, ka bar shi. Wanda zai shiga gurbin naka shi ne i7-4770 ko i7-4790, kuma a wasannin da ka ambata bambancin da za ka gani bai kai kuɗinsa ba. Sannan waɗannan furosesoshi na zubi na huɗu ba sa cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince wa Windows 11, ga shi kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan kwamfuta ce da za a ci moriyarta na wasu shekaru, ba wadda za a yi ta narka wa kuɗi ba, shi ya sa na fi son kuɗinka ya tafi kan kati da SSD, waɗanda za ka iya cirewa ka mayar kan wata nan gaba. Game da EA Sports FC ma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu: mafi ƙarancin abin da aka nema wa FC 24 shi ne i5-6600K da GTX 1050 Ti da RAM gigabait 8, furosesanka yana ƙasa da haka, don haka ko ya buɗe kada ka sa ran santsi.

Lissafin wuta ma yana goyon bayan ƙaramin kati. Furosesanka wat 84 ne, kati 75, idan aka haɗa sauran kaya da sikirin za a kai wajen wat 200 lokacin da wasa ya yi zafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan ba a zuƙe fiye da rabinsa ba kamar yadda ya kamata a yi wa batir mai ruwa, zai ba ka abin da bai kai awa uku ba, da RX 580 kuwa ko awa biyu ba zai cika ba. Ka fi dogara da inbata mai rubutun "pure sine wave" a jiki, idan kuma janareta za ka tayar, kada ka jona kwamfuta kai tsaye, ka sa UPS, wato ɗan akwati mai batir da ke riƙe wuta, ko sitabilaiza a tsakani, ka kuma kashe kwamfutar kafin mai ya ƙare, domin hawa da saukar wutar da janareta ke yi yana shirin mutuwa shi ke ƙona fawa fak. Siririn akwati ba ya samun iska sosai, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, saboda haka a riƙa hure shi da bulowa, a ɗaga shi daga ƙasa, a kuma sabunta man sanyaya da ke kan furosesa, wanda mai yiwuwa ya bushe tun tuni.

Ranar sayayya, ko Beirut Road za ka a Kano ko Farm Centre, ka ɗauki kwamfutar ka tafi da ita, domin wasu gajerun katunan suna da kauri, kuma sai an soka an rufe murfi ake sanin ko sun zauna. A sa katin a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z a ga ko bayanansa sun dace da sunansa, a duba lafiyar SSD da manhajar CrystalDiskInfo, sannan a kunna wasa na akalla minti 20 kana kallon ko hoto zai yi ɗige-ɗige ko kwamfuta ta mutu da kanta. Ka tambayi farashi a shago uku kafin ka ciro kuɗi, kuma mai shago ya rubuta maka a rasit lambar jikin katin da adadin kwanakin da za ka iya mayar da shi, tunda daga Taura zuwa Kano ba tafiyar da za ka so maimaitawa a banza ba ce.