Amsa: Ko ya dace a bar mai neman aikin au pair ta zanta da wadda ke gidan yanzu?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya kamata ki haɗa 'yan matan da kike tantancewa domin aikin au pair (wato wadda ke zuwa daga wata ƙasa ta zauna a gidan iyali tana renon yaransu) da wadda ke renon yaranki a yanzu, tunda wa'adinta ya kusa cika. Shawarata ita ce ki haɗa su, kuma ki ba su wuri su zanta ba tare da kina zaune a gefe ba.

Yarinyar da za ta bar iyayenta ta zo Amurka da bizar J-1 ta shirin musayar al'adu, ta yi wata 12 a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba sai ta bidiyo, tana da tambayoyin da kunya ba za ta bari ta yi miki ba. Ƙa'ida ta ce kada aikinta ya wuce awa 45 a mako ko awa 10 a yini, kuma kowane iyali zai ce yana kiyaye hakan, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ke cikin gidan ce za ta gaya mata ko ƙarfe shidan da uwar gida ta ce za ta dawo yakan koma bakwai, ko ana miƙa makullin mota ranar Asabar ba tare da ɓata rai ba, da kuma yadda ƙaramin yaron yake idan lokacin wanka ya yi.

A gidanmu ba ma haɗa su sai da waɗanda muka riga muka yi hira da su suka kwanta mana a rai, kuma muna fara neman yardar tamu mai renon, domin ba aikinta ba ne ɗaukar ma'aikaciya. Amfanin bai tsaya ga baƙuwar ba. Tamu ta taɓa gaya mana cewa wata da ta cika mu da zancen son yara ta ƙare hirarsu kaf tana tambayar mota da lokacin dawowa gida da dare, ba ta tambayi ko sunan yaro ɗaya ba. Da kanmu ba za mu taɓa gano wannan ba.

Sai dai ki auna abin da taki za ta faɗa. Wadda ta shaƙu da yara takan ji kishin mai maye gurbinta, wata kuma takan yabi wadda jininsu ya haɗu kawai, don haka ki saurare ta, amma hukuncin naki ne.

Idan kuma zamanku bai yi daɗi ba, kada ki ɓoye. Ki gaya wa mai neman aikin gaskiyar abin da ya faru, ki ba ta lambar wadda ta gabata idan ta amince, domin ko kin hana, 'yan matan nan suna da zaurukansu a Facebook da WhatsApp inda suke tambayar juna labarin iyalai.